Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za Ka Ƙara Wa Ƙaramin Hoto Girma Kafin Ka Kai Shi Wanki



Yau maganarmu a kan hoto ce. Akwai tambayar da ta daɗe tana zuwa mini, ta saƙo da kuma baki da baki: "Malam, ina da wani hoto a waya, ina so a wanke mini shi babba, amma an ce zai fashe. Babu wata manhaja da za ta gyara shi?" Amsar a taƙaice ita ce akwai. Amma kafin ka kashe datarka wajen sauke ta, zauna mu yi magana, domin abin da take yi wa hoton daban yake da abin da yawancinmu muke zato. Rubutun yana da ɗan tsawo, ka daure ka kai ƙarshe, musamman idan hoton da ke hannunka na wanda ya riga mu gidan gaskiya ne, wanda ba za a sake samun damar ɗaukarsa ba.

Ni ɗan shagon kwamfuta nake da shi a nan Rafin Guza, kuma aikin da ya fi zuwa mini daga cikin unguwa da Kawo da Hayin Banki da Unguwar Dosa bai wuce kalandar walimar saukar Alƙur'ani ba, da sitikar biki, da banar shago, da fostar 'yan takara idan kakar siyasa ta zo, sai kuma hoton da za a saka a firem a rataye a falo. Wanda ya san unguwarmu ya san a bakin kogin Kaduna muke, kuma shekarar da ruwa ya yi yawa har ɗaka yake shiga wa mutane. Gidaje da dama ta haka suka rasa albam ɗin hotunansu, abin da ya rage musu shi ne 'yar kwafin da ke cikin wayar wani ɗan uwa. To ka ga dalilin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da muhimmanci.

ME YA SA HOTO YAKE FASHEWA?

Duk hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin 'yan ƙananan murabba'ai ne da aka jera layi-layi, kowanne da kalarsa guda ɗaya. Su ake kira fiksel. Kamar dai aikin hula ne: daga nesa zane kake gani, idan ka matso da ita kusa da ido sai ka ga ɗinki ɗaya-ɗaya. Hoton farko da aka taɓa shigarwa cikin kwamfuta, wanda Russell Kirsch ya yi a Amurka a 1957, na jaririn ɗansa ne, kuma fiksel 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Tun daga ranar har yau dokar ba ta canja ba: yawan fiksel ɗin da aka kama lokacin ɗauka, shi ne iyakar bayanin da hoton yake ɗauke da shi.

Idan ka ja ƙaramin hoto ka buɗa shi, fiksel ɗin ba su ƙaru ba, kumbura kawai suka yi. Ka ɗauka curin fura ɗaya gare ka, baƙi goma suka sauka. Za ka iya cika ƙwarya da ruwa kowa ya samu ludayi, amma furar dai ɗaya ce, kuma duk wanda ya kurɓa zai gane. Wannan tsinkewar ita ce muke cewa hoto ya fashe, ko ya yi dishi-dishi.

Daga ina ƙananan hotunan nan suke fitowa? Wasu tun asali ƙanana ne. Wayoyin farko masu kyamara, irin su Nokia 6600 da ta fito a 2003, fiksel 640 a 480 suke ɗauka. Waɗanda suka yi zamanin 2go sun tuna irin 'yan mitsi-mitsin hotunan da muke sakawa a lokacin. Wasu kuma da girmansu aka ɗauke su, a hanya suka rame. WhatsApp idan ka tura hoto ta hanyar da aka saba yakan rage shi ya matse shi, gefensa mai tsawo ya dawo wajen fiksel 1600, saboda ya yi saurin tafiya ya kuma rage cin data. Facebook ma yana matse nasa. Sai wani ya yi sikirinshot ɗinsa daga sitatus, ya yanke gefe, ya tura wa wani, shi ma ya sake yin sikirinshot. Kafin ya iso shago ya bi hannu biyar. Ga kuma tsarin JPEG da yawancin hotuna suke ciki, wanda yake rarraba hoto gida-gida, fiksel 8 a 8, yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa. Shi ya sa kake ganin wasu 'yan akwatuna a kumatun mutum da gefen hularsa.

LISSAFIN DA ZA KA YI KAFIN KA BAR GIDA

Buɗe hoton a galarin wayarka, ka danna alamar bayanan hoto, wadda a yawancin wayoyi ƙaramin harafin i ne cikin da'ira, ko kuma tana cikin ɗigo ukun nan na sama. Za ka ga lambobi biyu, misali 4000 x 3000. Su ne faɗi da tsawon hoton a fiksel.

Hoton da za a riƙe a hannu a kalla, ƙa'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci, abin da za ka ji suna kira DPI. Saboda haka raba kowace lamba da 300, abin da ya fito shi ne girman da hoton zai wanku tas, a inci.

Hoto mai 4000 x 3000, wato na kyamara mai megafiksel 12, zai ba ka inci 13 a 10, ya ma wuce takardar A4.
Mai 1600 x 1200, irin wanda ya biyo ta WhatsApp, inci 5 da ɗoriya a 4.
Mai 640 x 480 kuwa inci 2 ne a ɗaya da rabi. Ɗan fasfo kenan.

Ka riƙe waɗannan ma: hoton albam mai inci 4 a 6 yana son 1200 x 1800. A4 tana son 2480 x 3508. A3 tana son 3508 x 4961. To ka duba tazarar da ke tsakanin hoton tsohuwar Nokia da A4: ana neman kusan ninki 28 na fiksel ɗin da yake da su.

Wani abu da nake so ka kiyaye: za ka ji an ce maka ai sai a shiga kwamfuta a canja 72 a mayar da ita 300, shikenan hoto ya zama mai inganci. Wannan lambar umarni ce kawai ga firinta kan yadda za ta matse fiksel ɗin a takarda. Canja ta ba ya ƙara wa hoton ko ƙwayar bayani ɗaya. Lambobi biyun nan na faɗi da tsawo su ne abin dubawa.

NISA YANA RUFA ASIRI

Kada lissafin 300 ɗin nan ya karya maka gwiwa, domin na abin da za a kalla a hannu ne, kamar santimita 30 daga ido. Idon ɗan Adam yana da iyaka, kuma duk yadda abu ya ƙara nisa, ɗigon da ido yake iya rarrabewa raguwa yake. Daga nisan mita 1, wajen 90 a inci ya wadatar. Daga mita 3, wajen 30. Daga mita 10, ko 10 ma ya isa. Manyan allunan tallan da kake hangowa idan ka hau gadar Kawo, da za a ɗora ka a tsani ka je dab da su, da ka ga ɗigo manya-manya kamar ƙwayar gero, amma daga cikin mota sumul kake ganinsu.

Saboda haka tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo ita ce: a ina za a rataye shi, kuma daga ina za a riƙa kallonsa? Hoton falo da zai zauna saman bango, 150 a inci ya yi, kenan mai 1600 x 1200 zai iya kusan cika A4 ba tare da an ji kunya ba. Bana mai ƙafa 6 a 4 inci 72 ce a 48. Idan ta saman shago ce da za a hango daga titi, 30 a inci ya isa, wato 2160 x 1440. Idan kuwa ta wurin biki ce da ƙawayen amarya za su jingina da ita suna ɗaukar hoto, nemi 50 zuwa sama, wato aƙalla 3600 x 2400.

NEMO ASALIN KAFIN KOMAI

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi ne mutane suka fi ƙyuyar yi. Awa ɗaya da za ka yi kana kiran 'yan uwa a waya ta fi kwana guda a gaban kwamfuta.

Tambayi kanka, wa ya ɗauki hoton? Idan mai hoton biki ne, je ka same shi, da yawansu suna ajiye aikinsu shekara da shekaru. Idan ƙanwarka ce ta ɗauka, asalin yana cikin wayarta, ko a tsohon memori da aka jefa cikin durowa, ko a Google Photos na imel ɗin da take amfani da shi a lokacin. Mutane da yawa ba su ma san hotunansu suna can ba sai an shiga an duba.

Idan an samu, kada a turo maka ta hanyar da aka saba. A WhatsApp a danna alamar maƙala fayil, a zaɓi dokumen, a ɗauko hoton ta nan, zai iso yadda yake ba a taɓa shi ba. Akwai maɓallin HD da suka ƙara a watan Agustan 2023, ya fi na da sosai, amma shi ma yana ɗan matsewa, dokumen ɗin ya fi. Idan kuna kusa, Xender ko Bluetooth ko kebul duk suna kawo fayil cikakke. Imel ma haka.

Idan kuma asalin na takarda ne, irin fasfon da ke jikin tsohon katin shaida ko takardar makaranta, kawo takardar kanta a sa ta a sikana, a ɗauka a 600 ko 1200 a inci. Ƙaramin fasfo mai kyau yakan jure a ninka shi sau biyu zuwa uku. In babu sikana, fita da shi inuwa da rana, kashe filashi, shimfiɗa shi a ƙasa, goge gilashin kyamararka, ka tsaya daidai samansa ba a karkace ba, ka matso da wayar maimakon ka zuƙo. Manhajar PhotoScan ta Google tana taimakawa wajen cire ƙyallin da takarda mai sheƙi take yi.

HANYOYI BIYU NA ƘARA GIRMA

To an nema an rasa, wannan ɗan ƙaramin shi kaɗai ya rage. Yanzu ne za a koma ga manhaja, kuma iri biyu ce.

Ta farko tsohuwar hanya ce da ke cikin Photoshop da GIMP da Photopea da CorelDRAW. Kwamfuta takan dubi fiksel biyu maƙwabta ta cike tsakaninsu da kalar da ke tsaka-tsaki. Akwatunan nan za su ɓace, hoton zai yi laushi kamar ana kallonsa cikin hazon hunturu. Ba ta ƙara haske, amma kuma ba ta sako abin da babu.

Ta biyu ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Irinsu Remini a waya, da Upscayl a kwamfuta wadda kyauta ce, da Topaz Gigapixel ta kuɗi, da kuma wanda kamfanin Adobe ya saka cikin kayan aikinsa a watan Maris na 2021 mai ninka faɗi da tsawo sau biyu. Waɗannan an horar da su da ɗimbin hotunan wasu mutane. Idan suka ga dishi-dishi a wurin ido, sai su ce a cikin idanun da muka taɓa gani, wanne ne ya fi dacewa da nan? Sai su zana shi. Ka lura da kalmar: zanawa suke yi.

Ga lissafin da nake so ya zauna maka. Idan ka ninka hoto sau 2 a faɗi da tsawo, fiksel sun ninku sau 4, kenan 3 cikin kowane 4 sababbi ne. Idan ka ninka sau 4, sun ninku sau 16, kenan 15 cikin 16 hasashen na'ura ne, ɗaya tak ne gwargwadon abin da kyamara ta gani. A kan bango ko ganyen bishiya ko yadin shadda, wannan hasashen ba ya cutar da kowa. A kan fuskar mahaifinka fa?

ABIN DA YA SA NAKE JAN KUNNE

Kwanakin baya wani matashi ya zo da mahaifiyarsa, suna son hoton maigidan da ya rasu a saka a firem. Hoto ɗaya ne ya rage musu, an ɗauke shi da tsohuwar waya ranar wata sallah. Yaron ya riga ya bi da shi ta manhaja a wayarsa, yana ta murna ya fito tangaran, ni kawai wankewa zan yi. Na buɗe shi a babban allo, na juyo da shi wajen Hajiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wannan wane ne?"

Yaron ya ce, "Haba Umma, Baba ne mana, gyara shi aka yi."

Ta ce, "Ina billensa? Malam yana da bille a nan. Kuma shi ba fari ba ne haka."

Na ce, "Hajiya, bari a buɗo na asalin ki gani." Da na buɗo shi, duk da hazon da ke kansa, nan take ta sa gefen mayafi ta share ido, ta ce, "Yauwa, ga Malam nan." Shi muka wanke, inci 5 a 7, muka zagaye shi da farin fili da addu'a a ƙasa.

Manhajar ba mugunta ta yi ba. Ta ga wani layi a kumatu, a iliminta layi a kumatu datti ne ko karcewar hoto, sai ta goge. Haka take yi wa kalangu da 'yan baka da zanen Gobirci. Takan shafe tabon sallah a goshi, ta toshe wushirya ta jera haƙora reras, ta mayar da fatar dattijo sumul kamar ta jariri, wani lokaci ta ƙara masa hasken da bai taɓa yi ba. Aikin hula zanna bukar da aska tara na babbar riga takan mayar da su wani zane da babu maɗinkin da ya san shi. Rubutu kuwa, musamman na Larabci a jikin allo ko bango, sai ta fito da wasu haruffa da ba su da ma'ana, wannan kuma ka san ba ƙaramin abu ba ne idan aya ce.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A watan Yunin 2020 an yi ta cece-kuce a kan wata manhaja mai suna PULSE da masu bincike na Jami'ar Duke a Amurka suka fitar. Wani ya saka mata hoton Barack Obama da aka rage shi ya yi dishi-dishi, sai ta fito da fuskar wani Bature. Dalili shi ne yawancin fuskokin da aka horar da ita da su na fararen fata ne. Su kansu masu ita sun bayyana cewa fuskar ƙirƙira take samarwa, ba ta mutumin da ke hoton ba. Idan fuskar da duniya duka ta sani ta koma haka, ina ga ta wani dattijo a Rafin Guza? Haka kuma a watan Maris na 2024 wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka tace da AI a matsayin shaida a wata shari'ar kisan kai, saboda na'urar tana saka abin da babu shi a ainihin ɗaukar. Manhajojin yau sun fi na 2020 ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma har yanzu cike gurbi suke yi da hasashe, kuma ƙwarewar ma ita ta sa ya fi wuya ka gane inda suka yi ƙari.

Ka tuna, hoton da ka rataye a falo, jikokin da ba su riski mamacin ba shi za su riƙe a matsayin kakansu. Nan da shekara ashirin, waɗanda za su ce "ba haka yake ba" sun ƙare. Hausawa sun riga sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

YADDA NAKE YI IDAN YA ZAMA DOLE

Ban ce ka guji AI ɗungurungum ba, ni ma ina aiki da ita kusan kullum. Ga tsarin da nake bi:

1. Yi kwafi tukuna. Asalin a ajiye shi gefe, kada a taɓa shi, komai muninsa.

2. Tsaya a ninki 2. Idan ya kama, 3. Duk abin da ya kai 4 a kan fuska, ka sa masa alamar tambaya.

3. Idan manhajar tana da zaɓin gyaran fuska ko ƙawata fuska daban, kashe shi ka fara gwadawa a haka. Yawancin ɓarnar daga nan take fitowa.

4. Idan kana da kwamfuta, buɗe Photopea ko GIMP ko Photoshop, ka ƙara wa asalin girma ta tsohuwar hanya, sannan ka ɗora wanda AI ta yi a samansa, ka rage ƙarfin na saman zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Ko kuma ka bar AI ta yi riga da bango, ka goge ta daga kan fuska, fuskar asali ta leƙo.

5. Jera su biyun gefe da gefe ka duba ido, hanci, haƙora, kunne, zane da launin fata. Sannan ka nuna wa wanda ya fi kowa sanin mutumin, matarsa ko mahaifiyarsa, ba tare da ka gaya mata an yi wani gyara ba. Idan ta yi jim, to a koma baya.

6. Ajiye sakamakon a PNG ko TIFF, kada ka yi ta sake ajiye shi a JPEG.

7. Wajen ja, kama hoton ta kusurwa, kada ka ja shi ta gefe. Fostoci nawa ka gani a gari ɗan takara ya koma mai faffaɗan kai kamar faranti? Daga nan ne.

Akwai kuma dabarun da ba sa buƙatar wata basira. Mayar da hoton baƙi da fari yana ɓoye dabbare-dabbaren kala da tsofaffin wayoyi suke yi. Takarda marar sheƙi ta fi mai sheƙi rufa asirin hoto mai rauni. Sannan ba dole ne hoto ya cika firem ba: saka shi ƙarami a tsakiya, ka ba shi fili, ka cike sauran da suna da addu'a ko ado. A kalandar walima ma haka, gara hotunan ɗalibai su zauna ƙanana a gane kowa, da a buɗa su a rasa gane ɗan wa ye wannan. Kuma ka ɗan ƙara wa hoton haske kaɗan kafin wanki, domin allon waya haske yake fitarwa, takarda kuwa ba ta yi, shi ya sa hoton baƙar fata yakan fito da duhu fiye da yadda ka gan shi a waya.

Game da sirri: manhajojin waya irin su Remini sai da intanet suke aiki, ma'ana hoton yana barin wayarka ya tafi kwamfutocin kamfanin a sarrafa shi a can. Kafin ka ɗora hoton matarka ko 'yarka ko amaryar da ba taka ba, yi tunani, ka kuma nemi izini. Upscayl a cikin kwamfutarka take aikinta ba sai ta tura ko'ina ba, sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi.

TAMBARI DA RUBUTU DABAN SUKE

Idan abin da kake son buɗawa tambarin makaranta ne ko na ƙungiya ko na shago, kada ka wahalar da kanka da ƙara girma. A sake zana shi. CorelDRAW da Inkscape suna zana abu da layi da lissafi maimakon fiksel, irin wannan zanen kuwa ko girman bangon gida ka ja shi ba zai fashe ba. Dukansu suna da wurin da za su bi sawun tambarin da kansu, sai a gyara da hannu. Rubutu kuma a sake buga shi sabo, minti biyar ne. Idan an gama, karɓi fayil ɗin ka ajiye, gobe ba sai an sake biyan kuɗin zane ba.

GWAJI KAFIN A BUGA

Kafin a saki bana ko babban firem, roƙi mai shagon ya saita hoton a ainihin girman da za a buga, ya yanko wurin fuskar kaɗai ya fitar maka a takardar A4 guda. Manna ta a bango, ka ja da baya zuwa inda mutane za su tsaya. Abin da ka gani shi za ka samu. Kuɗin takarda ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin fileks ɗin da za a buga a yar. Kuma don Allah a daina kawo aiki daren jajiberin biki, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shagon da ya ce maka hoton nan ba zai kai girman da kake so ba, ba ƙin aikin yake ba, gaskiya ya gaya maka.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi sauƙi. Idan iyayenka ko kakanninka suna raye, yau ɗin nan ka goge kyamarar wayarka, ka fito da su inda haske yake, ka ɗauke su hoto mai kyau, kusa, ba tare da filtar ƙawata fuska ba. Ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa 'yan uwa biyu ta dokumen, ka wanke guda ka ajiye a wurin da ruwa ba zai kai ba. Tsofaffin hotunan takarda da ke gida kuma a kai su sikana tun damina ba ta kama ba.

Wanda yake da hoton da yake shakka a kansa, ya rubuto mana lambobin nan biyu na faɗi da tsawo da kuma girman da yake son wankewa, ba sai ya turo hoton ba, in sha Allahu za mu yi masa lissafin. A tura wa 'yan uwa su ma su amfana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Sai mun haɗu a darasi na gaba.